Hoton da Ke Bayan Hoto

Maigidana masinja ne a ofishin majalisar gari. Shekara ashirin da shida yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma albarkacin aikin ne muke zaune a ɗaki biyu da ke bayan ginin, ƙarƙashin matakala. Ba wani gidan a-zo-a-gani ba ne. Bango yana tsattsafo da ruwa, taga kuma ta kalli inda ake tara shara. Amma a ƙasa yake, famfo na bakin ƙofa, kuma surukata Inna, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara huɗu ke nan, tana kwance a ɗakin ciki inda zan iya janyo ta kan kujera in yi mata wanka ban hau ko taki ɗaya ba. Duk wadda ta taɓa ɗaga babban mutum da hannu biyu ta san abin da nake nufi.

Ni guga nake yi wa mutane. A tsaye nake wuni, rediyo a kunne, shi ya sa babu mai mulkin da ban san laifinsa ba. Ni ta Dogo ce, shugaban majalisa na wancan lokaci. Bai taɓa ba ni ko allura ba, amma ya gyara titin asibiti, kuma in yana magana ba ya lanƙwasa harshe. Maigidana kuwa na Mai Murmushi ne, tun mutumin yana shan kaye yana sake tsayawa. Na taɓa tambayarsa me ya gani a jikinsa. Ya ce wai wata rana ya riƙe masa ƙofa, mutumin ya juyo ya ce, "Sannu da aiki, baba." Shi ke nan fa. A kan wannan sannun mijina ya yi shekara goma sha biyu yana ƙona ƙuri'arsa.

Na ukunmu Mai Sito ne, wanda ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar kayan ofis. Gajere ne mai ƙaton ciki, matarsa ta rasu da daɗewa, kuma na Dogo ne har ɓargo. Kullum ƙarfe biyar in an tashi, sai ya zagayo baya da burodi a hammata, ni in dafa shayi, mu zauna kan matakala mu ukun, ƙofa a buɗe don Inna ta ji muryoyi.

"'Yar jam'iyyarmu," haka yake kirana, "yau me mutumin mijinki ya yi alkawari? Gada ko teku?"

"Teku," in ce masa. "Da kifin a soye."

Maigidana ya tsoma burodinsa a shayi ya ce, "Ku dai yi ta yi. Mu biyu da Inna mun ishe ku."

Inna ba ta iya magana sosai, amma takan yi wani sauti daga ciki, kowa ya ce da shi take. Wannan awa ɗayar ita ce daɗin rayuwata, ban ɓoye ba.

Sai aka yi zaɓe, Mai Murmushi ya ci. Maigidana ya yi kwana uku bakinsa bai rufu ba, har na ce masa ya rage kada ƙuda ya shiga. Ranar Litinin aka ba shi sabon hoto daga sito ya sa a babban zaure, domin canza hoton shugaba aikin masinja ne tun fil azal.

Firam ɗin tsoho ne, na katako mai nauyi, kuma allon bayansa ya ruɓe tun kafin a ɗauki mijina aiki. Masinjan da ya gada ne ya koya masa dabarar: ba a cire tsohon hoto, sai a ɗora sabo a kansa, tsohon ya zama masa madogara, in ba haka ba danshin bango ya sa sabon ya kumbura cikin wata guda. Haka ake yi. Shugabanni bakwai ne a cikin firam ɗin nan, kowa ya danne na bayansa. Maigidana ya goge gilashin har sau uku, ya shimfiɗa mutuminsa a kan Dogo, ya mayar kan ƙusa.

Ranar da sabon shugaba ya yi zamansa na farko, ni na goge zanen teburin zauren, don haka na laɓe bayan ƙofar gefe ina leƙe. Zauren ya cika maƙil, masu ɗaukar hoto sun jeru. Yana tsakiyar cewa zamanin da ya wuce ya wuce har abada, wani ya banko babbar ƙofa. Ƙusar ta fita daga jiƙaƙƙen bangon. Firam ɗin ya sulalo ya tsaya a kan kabad, gilashi ya tarwatse, sabon hoton ya lanƙwaso gaba ya faɗi ƙasa. Sai ga Dogo, daidai saman kan Mai Murmushi, yana kallon jama'a.

Wani ya fashe da dariya a baya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini, har na toshe baki da gefen mayafi. Da na hango maigidana a jikin bango, hularsa a hannu, fuskarsa ta yi fari fat, sai dariyar ta maƙale.

Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya a garin. 'Yan Dogo na murna, 'yan Mai Murmushi na cewa akwai maƙiya a cikin ofis, a zaƙulo su.

Ranar Juma'a Sakataren majalisa ya kira maigidana. Da ya dawo ya zauna bakin gado, ya ajiye wata takarda a kan teburin gugata, ya ba ni labari daki-daki.

"Na ce masa, ranka ya daɗe, hoto bakwai ne a ciki, haka ake yi. Ya ce ya sani, shugaba huɗu ya yi wa aiki. Amma na sama suna son suna."

"Sunan wa?"

"Ya ce kowa ya san ni nasu ne, in aka ce ni ne, labarin ba zai yi daɗin faɗa ba. Na Dogo suke so."

Na ɗauki takardar. An riga an buga ta, wurin sa hannu kawai aka bari. Tana cewa shi masinja ya kai tsohon hoto sito kamar yadda doka ta ce, Mai Sito ya ƙi karɓa, ya umarce shi ya bar shi a baya domin mai shi zai dawo.

"In ban sa hannu ba zuwa Litinin," in ji shi, "takardar sallama da sunana za ta fito. Ɗakin kuma sati biyu za a ba mu mu tashi."

"To me ka ce?"

"Me zan ce, Maman 'yan biyu? Ƙarya ce. Mutumin nan ko firam ɗin bai taɓa ba."

Ran nan Mai Sito bai zo shayi ba, ya je duba ɗansa. Na gode wa Allah da hakan.

Ranar Asabar maigidana ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ƙofar gidan sabon shugaba. Ya ce in dai ya gan shi ido da ido, magana ta ƙare, ai ya san shi. Ya tsaya a rana tun safe har azahar cikin ɗaruruwan masu jira irinsa. Motar ta fito, gilashi a rufe, ta wuce. Ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, ya ce wataƙila shugaban ba ya cikin motar.

Ni kuwa ranar na bi gari ina duba ɗakuna. Na ga ɗaya a hawa na uku, banɗaki a ƙarshen baranda, gida takwas ke amfani da shi. Na ga wani a ƙasa, mai gidan ya ji akwai mara lafiya ya ce ba ya son a mutu masa a gida. 'Yan biyunmu duk sun yi aure nesa, kowacce a ɗaki ɗaya da miji da 'ya'ya. Na dawo na tarar Inna ta ɓata shimfiɗa, tana kuka ba sauti don kunya. Na janyo ta zuwa famfo, taki shida, na wanke ta. Ina wanke ta ina ƙirga takun nan a raina, kuma a nan ne zuciyata ta bushe.

Lahadi da safe na kashe rediyo, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a kansa.

"Malam, za ka sa hannu."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai gane ni ba. "Ke? Ke da kike kiransa ɗan jam'iyyarku?"

"Jam'iyya ce za ta ɗauki Inna zuwa hawa na uku? Dogo ne zai zo ya goya ta, ko naka mai haƙoran?"

"Shekara ashirin muna cin burodin mutumin nan."

"Shi ba a gidan ofis yake ba. Yana da ɗa babba mai aiki. Shi kaɗai ne, cikinsa kawai zai ciyar. Mu fa?"

"Ƙarya ce fa za a yi masa."

"To riƙe gaskiyarka. Shiga ka gaya wa uwarka ka zaɓi Mai Sito a kanta. Ga ta nan, tana ji."

Na san inda zan soka, kuma can na soka. Ban tsaya nan ba. Na ce masa shekara ashirin da shida yana gadin ƙusa ɗaya bai iya ba. Na ce masa duk wahalar nan ni ke ɗauka, bayana ne ke ciwo, shi nasa kai fayil da yi wa manya murmushi. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuwa don su yi zafi kawai na faɗe su. Ya shiga ɗakin Inna ya zauna a ƙasa kusa da gadonta, ya daɗe yana matsa mata hannun da ya mutu.

Litinin ya fita da takardar a aljihu. Ya dawo babu ita. Ban tambaya ba. Talata ban dafa shayi ba, ban kuma ga kowa ba.

Laraba ƙarfe biyar ina cikin guga na ji takun da na sani. Mai Sito ne, da burodi a hammata, ɗayan hannun riƙe da jakar leda, a ciki kofinsa na ofis da silifas ɗin da yake sawa a sito. Babu makullai a ƙugunsa. Ƙarar makullan nan ce kullum ke fara isowa kafin shi, yau shiru.

"'Yar jam'iyyarmu, ba shayi ne yau?"

Na ɗora tukunya. Maigidana ya fito ya zauna a matakala ta ƙasa, ya juya mana baya. Mai Sito ya zauna a wurinsa, ya gutsura burodin kashi uku kamar kullum.

"Sun sallame ni," ya ce. "Saura shekara uku in yi ritaya, yanzu ba komai. Sakatare ya karanta mini takardar. Na ga hannun."

Ruwan ya fara tafasa, na zuba ganye, na zuba har ya yi yawa.

"Ban zo faɗa ba," in ji shi. "Jiya na so in zo, raina bai ba ni ba. Na kwana ina zagin mijinki, ba zan ɓoye ba. Amma na san mutanen nan, na san yadda suke matse mutum. Ga tsohuwa kwance." Ya karɓi kofin daga hannuna, ya dube ni. "Wurinki na zo. Na san halinki, na san abin da ya sha a hannunki kwanakin nan. Na tabbata kin hana shi har muryarki ta dushe, ya ƙi ji. To ya isa haka. Ki sassauta masa. Kada ki riƙe shi a rai saboda ni."

Maigidana ya juyo a hankali ya dube ni. Babu fushi a idonsa. Jira kawai yake yi. Kalma ɗaya zai faɗa ya raba nauyin nan biyu, bai faɗa ba, ya bar mini. Daga ciki Inna ta yi sautinta, wannan karon ba wanda ya ce da shi take.

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a gidan nan, ni da na san laifin kowane shugaba, na kasa faɗin nawa laifin. Kunya ta rufe ni, amma tsoron kada Mai Sito ya daina kirana 'yar jam'iyyarsu ya fi kunyar ƙarfi.

"To," na ce. "Zan sassauta masa."

"Yawwa," in ji Mai Sito. "Allah Ya yi miki albarka. Ke kaɗai kika rage mana a ginin nan."

Maigidana ya mayar da fuskarsa ga bango. Ya ɗauki kason burodinsa ya riƙe, bai ci ba, har baƙon ya shanye shayinsa ya ɗauki jakarsa ya tafi.