Ƙunshin Lemar Kwaɗi

Duk wanda ya san Kambaza shekara talatin da suka wuce ya san gidan Malam Ɗalha mai albasa da hayaniya, ba ta faɗa ba, ta tsiya. Shi da matarsa Jidda taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, kuma aure bai kashe wasan ba, ƙara masa gishiri ya yi. In ta fito shara ya ce baiwarsa ta tashi aiki, ita kuma ta ce bawan ubanta ya yi shiru manya na wucewa. In ana suna a Gwandu, a bayan keke yake ɗaukarta, duk wanda suka gamu da shi a hanya ya shaida masa cewa buhun albasa zai kai kasuwa, sai dai bana ba ta yi kyau ba. Maƙwabta kan rage muryar rediyonsu don su saurari gidan.

Sai autansu Jibrin ya rasu a hatsarin mota, damina biyu ke nan. Aka yi sadakar arba'in, jama'a suka watse, bakin Malam bai buɗe ba. Ba hauka ba ne. Yana salla, yana cin loma biyu, sannan ya koma ɗaki ya fuskanci bango. Fadama ta koma hannun manyan 'ya'ya, zaure ma ya daina kaiwa. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi, har masu kawo taimako suka gaji suka fara cewa ai shekaru ne, icce in ya bushe ba ya tanƙwaruwa. Wannan magana tana ƙona wa Jidda rai. Kowa na yi mata ta'aziyyar mutum ɗaya, alhali ita mutum biyu ta rasa, kuma na biyun yana nan tana kai masa ruwan alwala.

Wata ranar Laraba tana tsintar wake a baranda, rediyo a gefenta, ta ji wani likita yana bayani a kan ciwon damuwa. Ya ce a ƙasashen waje masana na gwada wani magani da ake samu daga lemar kwaɗi, wanda ke sassauta ƙwaƙwalwa har mutum ya iya barin tunanin da ya maƙale a ciki. Daidai nan ruwa ya goce a kan kwanon rufi, ya cinye sauran bayanin. Da ya tsagaita, an riga an shiga sanarwar ɗaurin aure.

Lemar kwaɗi! Abin da ta kwashe rayuwarta tana sharewa, tana buge hannun yara in sun taɓa. Ga shi kuwa tsakiyar damina ce, sun fito bayan rumbu da gindin turken awaki kamar an shuka su. Ta bi ta tsinke su kaf, farare da masu ruwan ƙasa, manya da ƙanana. Ta ɗora miyar kuka, ta tsaya a kan tukunyar da su a hannu. A faɗi gaskiya, ba hankali ne ya hana ta zubawa ba. Awon ne ba ta sani ba, Jidda kuwa ba ta girki da ka.

Washegari da hantsi ta ƙunshe su a tsumma, ta rufe wa Malam furarsa, ta fita ba sallama, don ta san ko ta yi ba za a amsa ba. Kalgo ta nufa, wurin Halimatusa'adiya 'yar wanta, wadda ke aikin nas a can. Mota biyu ta shiga, ta ratsa Birnin Kebbi, idonta a kan gonaki. Rabonta da hanyar nan tun bikin yarinyar, ranar da Malam ya tsaya a tsakar gidan surukai ya ce su yi haƙuri, duk matan gidan su Jidda haka suke, ba a mayar da su. Ta tuna yadda mata suka yi ta riƙe ciki, ta ji kewar mutumin ta taso mata.

Halimatusa'adiya ta tarbe ta da murna, amma da ta kwance tsumman a kan tebur ta ji bayani, sai ta yi salati ta dafe ƙirji.

"Gwaggo, kin ba shi?"

"Ban ba shi ba. Awon na zo tambaya. Guda nawa aka sawa?"

"Da kin sa, da yanzu zaman makoki mukai."

Ta jawo kujera ta zaunar da ita. Ta ce lemar kwaɗi iri-iri ce, cikin waɗannan da ta tsinko akwai yiwuwar wadda ke lalata hanta, kuma ido ba ya bambance su. Abin da rediyo ke nufi wani iri ne daban, ana fitar da sinadarinsa a auna, a ba mutum a asibiti likita na zaune kusa da shi, a bi da zaman tattaunawa. Ko a can ɗin gwaji ake yi har yanzu, balle nan.

Kunya ta rufe Jidda, ga takaici. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ashe dai masu maganar busasshen icce sun fi ta gaskiya. Yarinyar ta ce a'a, nan ne kaɗai suka yi kuskure ita ta yi daidai. Ƙwaƙwalwa ba icce ba ce, har tsufa tana iya koyon sabuwar hanya. Akwai maganin ciwon damuwa a nan gida, akwai likitan da ke zama da irin su Baba ranar Litinin. Abu ɗaya ne, sai ya zo da ƙafarsa.

Nan jikin Jidda ya yi sanyi. Mutumin da shekara biyu bai wuce zaure ba, wa zai kawo shi Kalgo? Ta ɗaure ƙunshinta da niyyar jefarwa a hanya, tunani ya sa ta manta.

La'asar ta yi sanyi lokacin da mota ta ajiye ta a Kambaza. A gindin dalbejiyar bakin titi ta hangi wani tsoho tsaye, hula a karkace, riga a yamutse, yana leƙa kowace mota. Sai da ta matso ta yarda da idonta.

"Ina kinka tai?" in ji Malam Ɗalha. Muryar ta dushe saboda rashin amfani.

Ba ta da ƙaryar da ta tanada. Ta kwance tsumman a gabansa, ta faɗa masa komai, tun daga rediyo da tukunyar miya har zuwa abin da Halimatusa'adiya ta ce. Ya daɗe yana kallonsu, sun yi laushi sun fara wari. Sannan ya ɗago.

"Shekara arba'in ina shan miyarki ban mutu ba. Shi yas sa kinka ƙaro kayan haɗi?"

Shi bai yi dariya ba, nauyin yana nan a fuskarsa. Ita ce dariyar ta kubce wa, ta haɗe da kuka, har masu babur suka waiwayo. Ya karɓi ƙunshin ya wurga cikin kwata, ya juya ya kama hanyar gida a hankali. Sun kusa ƙofa ya tambaya, ba tare da ya waiga ba, wace rana yarinyar ta ce likitan ke zama. Ta ce Litinin.

"To. Gara allurar likita da tukunyarki."

 Jidda ta bi bayansa suka shiga zaure, tana ta share hawaye.