Wadda Ta Wanke Bargon Isay

Minda ta murɗe bargon karo na uku, ruwa ya gangaro ta gwiwar hannunta ya jiƙa mata gaban riga. Ta kai shi hanci ta sansana. Ƙanshin sabulu kawai. Ta yarfa shi, ta shanya a igiyar bayan kicin, tsakanin tsummokaran goge tukwane, inda ba wanda zai tsaya tambayar na wane ne.

Daga can filin ƙwallo sautin jita yake tahowa, da muryoyin yara sittin suna waƙar yabon safe, suna tafi suna tsalle. Muryar Yeng ce a saman ta kowa.

"Yau ma?" in ji Nanay Doring, mai dafa abincin sansanin, ta leƙo ta taga tana juya busasshen kifi a kasko.

"Yau ma."

"Kwana shida, wanki shida. Allah ya biya ki, 'yata."

"Amin."

"To, wannan fuska fa? Kamar an ba ki tsamiya kin tsotsa. Ko waƙar ce ba ta yi miki ba?"

Minda ta kifar da bahon wanki da ƙarfin da bai kamata ba, tsohuwar ta kwashe da dariya.

Shekara tara ke nan Minda tana ajiye keken ɗinkinta a Antipolo duk hutun bazara, ta hau tudun Tanay ta yi mako guda tana kula da yara a sansanin cocinsu. Ba ta iya waƙa ba, ba ta iya wasan kwaikwayo ba, in ta ba da labarin Yunusa da kifi yara har hamma suke yi. Amma ita ta san wanda ke da asma, da wanda ba ya cin jatan lande, ita ce mai tsefe kwarkwata da cire ƙaya a ƙafa. Yara suna kiran kowace mai kula da su Ate, wato yaya, amma shekara da shekaru in ka ji an ƙwala "Ate!" a sansanin nan, to da Minda ake.

Bana sai ga Yeng. 'Yar jami'a daga Manila, shekara ashirin, ga jita, ga dogon gashi, ga dariya da ba ta ƙarewa. Kwana biyu kacal ta yi ta kwashe yaran kaf. Abin da ya fi ƙona wa Minda rai shi ne ta nemi aibin yarinyar ta rasa. Ba ta da girman kai, ba ta da gulma, har kujera take jawo mata a wurin cin abinci. Da mugunta gare ta da abin ya zo da sauƙi.

Sauran yaran duk Minda za ta iya yafewa. Isay ce ba za ta iya ba. Isay 'yar lungunsu ce, shekararta tara, uwarta tana aikatau a Hong Kong, tana zaune hannun kakarta mai zafin hannu. Sau uku Minda ta je ta zauna gaban tsohuwar kafin ta yarda a zo da yarinyar. Ita ta ɗinka mata jaka, ita ta riƙe mata kai da ta yi amai a mota. Washegarin zuwansu, da yara suka fita waƙar safe, Minda ta ji zarni a ɗaki, ta bi ta zaƙulo siririn bargo ruwan ɗorawa an cusa shi can ƙarƙashin gadon Isay, jiƙe sharkaf, da gajeren wando a ciki. Ba ta ce da kowa komai ba. Ta wanke, ta shanya, kafin barcin rana ta ninke ta mayar ƙarƙashin filo. Haka kullum.

Matsalar ita ce al'adar mala'ikan ɓoye. Ranar farko masu kula da yara sukan ɗebi sunaye a cikin kwando, kowa ya zama mala'ikan yara bakwai ko takwas, yana yi musu alheri a asirce. Su kuma yaran duk mako suna saƙa abin hannu na zare, ran ƙarshe a bayyana wa kowa mala'ikansa, ya ɗaura masa. Sunan Isay a hannun Yeng ya faɗa. Minda ta nemi su yi musanya, Yeng ta rungume takardar tana dariya.

"Haba Ate, ai Allah ne ya zaɓa. Ba kyau a gyara masa."

Abin da mala'ikan da Allah ya zaɓa ta yi a kwana shida, Minda ta gani da idonta, tunda ita ke ɗaga filon: alewa biyu, da wata aya a takarda mai zanen fure. Ran Laraba ma ta manta.

Bayan karin kumallo aka saki yara su ƙarasa saƙarsu a rumfar gora. Minda ta zaga kamar mai duba aiki, alhali ƙafarta ta san inda za ta. Isay tana can ƙarshen benci ita kaɗai, ta ɗaure bakin zaren a babban yatsan ƙafarta, harshe a waje, tana ja tana ƙullawa. Na sauran yara launi biyu ne, a karkace. Nata huɗu ne, ja da fari da kore da ruwan ɗorawa, ƙulli a jere kamar haƙoran masara. Sau biyu ta warware ta sake. Minda tela ce, ta san aikin da aka zuba wa zuciya in ta gan shi, kuma ta san ba don alewa biyu ake irin wannan saƙa ba.

Nata ne. Da hannunta ta yi aikinsa, hannun da yanzu duk ya tsattsage da sabulu. Kuma nan da awa biyu za a ɗaura shi a hannun da bai taɓa komai ba sai igiyar jita.

Ta zauna kusa da yarinyar. Ta riga ta shirya maganar tun a bakin famfo. Ba za ta karya doka ba, ba za ta ambaci sunan kowa ba. Za ta dai ce, wani lokaci wanda ya yi maka abu daban, wanda aka ba sunanka daban. Isay ba wawuya ba ce.

"Kai, wannan saƙa! Sarauniya za a ba?"

Isay ta yi murmushi ba ta ɗago ba. "Na mala'ikana ne."

"Alewar ce ta yi daɗi haka?"

"Ba alewa ba ce." Ta ƙara ƙulli ɗaya. "Ta yi mini wani abu ne. Ba zan faɗa miki ba, Ate, kada ki ji haushi."

"Ni? Haushin me?" Minda ta gyara zama. "Wa kike zato ce?"

"Ban sani ba. Amma kullum ina addu'a."

"Addu'ar me?"

Isay ta ɗago, ta dube ta da idon nan nata marar ɓoye komai. "Allah ya sa ba ke ba ce."

Minda ta ji kamar ta taka matakalar da babu.

"Ba don ba na son ki ba, Ate," yarinyar ta yi saurin cewa. "Mala'ikan ta san wani abu ne a kaina. Abin kunya. In ke ce, kullum zan gan ki a lungunmu, zan gan ki a coci, ki zo gidanmu ki zauna da kakata. Ko ba ki faɗa ba, ni na san kin sani. Ba zan iya ƙara zuwa shagonki ba." Ta sunkuyar da kai kan zaren. "Gara wadda za ta tafi da shi can nesa."

Maganar da Minda ta shirya tana nan a bakinta, ta rasa inda za ta kai ta. Shagon nan kuwa, nan Isay take ɓuya duk ranar da kakarta ta ɗauki silifa. Nan take yin aikin makaranta a kan teburin yanka, tana tsince ƙyallaye tana yi wa 'yar tsanarta riga.

"Ƙullin ƙarshe ki yi shi biyu," Minda ta ce. "In ba haka ba zai kwance."

Da hantsi aka taru a ƙarƙashin babbar rumfa, jakunkuna a jere, motocin jifni biyu suna jira a bakin ƙofa. Fasto Rodel ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya fara kiran sunaye. Minda ta samu nata bakwai, duk daga 'yan mazan ɗakin gabas waɗanda ta yi mako tana dasa musu maɓalli a ɓoye. Wani ko zagaye hannu bai yi ba, wani ya sha miya. Ta gode musu, ta shafa kawunansu, amma idonta yana wani wuri.

"Isay Magtibay," in ji Fasto. "Mala'ikanki ita ce... Ate Yeng!"

Minda ta ga fuskar yarinyar. Da farko ajiyar zuciya, kafaɗunta suka sauka, sai kuma wani farin ciki ya cika ta wanda Minda ba ta taɓa gani ba, ko ranar da uwarta ta aiko da akwatin tsaraba daga Hong Kong. Ta ruga ta ƙanƙame Yeng tana kuka, ta ɗaura mata abin hannun, ta miƙe a kan yatsun ƙafa ta raɗa mata wani abu a kunne. Yara suka yi ta tafi.

A daidai lokacin da ake wanke bargon nan kullum, Yeng tana tsaye gaban yara sittin da jita a wuya, Isay tana sahun gaba tana tafi. Ko wannan ma, Isay ba ta tsaya ta lissafa ba. Minda ta yi tafi ita ma, tafin da ba ya ƙara. Kishi ne, ta sani, ba ta ma tsaya yi wa kanta ƙarya ba. Mace mai shekara talatin da shida, mai koyar da ayar ƙauna ba ta kishi, ga ta tana jin kamar ta fizge zare daga hannun mutum.

Tana bayan kicin tana sauke bargon daga igiya sai ga Yeng, goshi a tattare.

"Ate, taimake ni. Isay ta ce mini na gode da bargo, ta ce kada in faɗa wa kowa. Wane bargo kuma? Ni alewa na..." Idonta ya sauka kan abin da ke hannun Minda, ya koma kan tsattsagaggun yatsunta. Ta rufe baki da tafin hannu. "Wayyo Allah. Ke ce. Bari in je in gaya mata, wannan ba nawa ba ne."

Ta juya da gaske za ta tafi, tana ƙoƙarin kwance ƙullin da haƙori.

Shiru kawai Minda za ta yi. Ba ita ta faɗa ba, ba ita ta aika ba. Ta ƙyale yarinya mai gaskiya ta je ta faɗi gaskiya, nan da minti biyar abin hannun yana hannunta. Ta bari har Yeng ta yi taku huɗu. Nanay Doring tana taga, ta daina kankare tukunya.

"Ke, dawo nan," in ji Minda.

Yeng ta tsaya.

"Bargo ruwan ɗorawa ne. Kin ji? In ta rubuto miki wasiƙa, ki amsa, ki ce mata ba komai ba ne, yara da yawa suna yi, yana wucewa. Ban da wannan kada ki ƙara ko kalma."

"Amma Ate, ƙarya ke nan."

"Ban ce ki yi ƙarya ba, cewa na yi ki rufe bakin nan naki sau ɗaya a mako guda. Kawo hannun."

Yeng ta miƙo. Minda ta kama bakin zaren da aka fara kwancewa, ta ji laushin saƙar a yatsunta, ta ƙulla, ta ja.

"Wash! Ate, ya matse!"

"Haka ake ɗaura shi."

Ta ninke bargon, ta zaga ta ƙofar baya, ta tura shi cikin jakar Isay tun yara ba su zo ɗaukar kaya ba.

A mota Isay ta leƙa ta taga tana ɗaga hannu har aka sha kwana, Yeng tana bakin ƙofa tana ɗago nata, launi huɗu suna sheƙi a rana. Sannan yarinyar ta dawo ta zauna, ta matso ta jingina kanta da kafaɗar Minda kamar yadda ta saba, ba nauyi ba kunya. Ta kama hannunta tana juya 'yan zarurrukan 'yan maza tana dariya.

"Ate, naki duk ba su da kyau. Kin ga yadda nawa ya yi wa Ate Yeng?"

"Na gani."

"Baɗi ma zan zo. Allah ya sa ita ce mala'ikana kuma." Ta ɗago tana jira. "Ki ce amin mana."

Mota ta faɗa rami, kowa ya yi tsalle. Minda ta ɗauki jakar yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta sa hannu ɗaya ta tare mata kai kada ya bugu da ƙarfe.

"Yi barci," ta ce. "Da sauran tafiya."