Igiyar Ramzi

"Ka fara igiyar Ramzi ke nan," in ji matata Samiha, tana miƙo mini kwanon miyar waken adas. "Yarinya ta samu aikin jinya a Aswan, kai kana tambayar wa zai ba ka ruwa in ka tsufa. Ungo, kai wa mai igiyar, jikin ya matsa masa."

A layinmu na unguwar Shubra, nan Masar, duk wanda ya tayar da hankalinsa kan abin da bai zo ba, haka ake ce masa. Har yara suna faɗa. Ban taɓa tambayar mafarin maganar ba. 'Yarmu Nuha kuwa, ita kaɗai Allah ya ba mu, jira take in ce ta tafi, na kasa.

Na tarar da dattijon maƙwabcinmu, Ammu Ramzi, kwance a hawa na biyar, numfashi sama-sama.

"Abu Nuha! Kai da wannan tumbin kuka hawo tare?"

"Ammu, don Allah wace igiya ce ake jingina maka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ina kamar shekarunka na tare a nan. Na dubi matakala, na ce wata rana wani tsoho zai kasa sauka, ni ke nan in na tsufa. Na sayo masa igiya da kwando, ya riƙa zura wa mai burodi ta baranda. Ranar da na gwada, duk layi suka fito suna dariya."

"Ta yi amfani?"

"Ina! Rana ta cinye ta. Na sake wata, ita ma ta ruɓe. Da tsohon ya iso, ƙafafunsa garau, hannuwan ne ke rawa." Ya nuna kwanon da haɓa. "Ba ni mana, ka tsaya kallona."

Na ba shi a baki. Cokali kaɗan ya sha.

"Gaya wa Samiha gishiri ya yi yawa."

Washegari da hantsi ya cika. Muna saukowa da makara, kafaɗata na gogar bango, ina ta tunanin wane irin tsoho ke jirana, da me kuma zai gaza. Na rasa.

Da la'asar, ana kafa rumfar makoki a layi, na hau kujera na sauko da babban akwati daga kan kabad.

"Baba, ina za ka?" in ji Nuha.

"Ba ni ba. An ce Aswan da zafi, ɗebi kaya marasa nauyi."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta jiƙo tsumma, ta durƙusa, ta fara goge murfin.