Numfashin Jan Biro

Sau biyu ana ɗage aikin idon Jan Biro. Yanar ido ce ta rufe masa gani, har kanun jarida sai ya kai dab da hanci, mutumin da ya shekara talatin yana farautar kurakurai a maɗaba'a, inda ya samo laƙabin. Likita ta ce ba za ta taɓa idon ba sai jininsa ya sauka. Magani yana sha, amma da zarar an ɗaura masa abin awo a dantse sai lamba ta haura kamar da gayya. Aka ba shi mako uku. In aka sake ɗagewa, sai baɗi.

Autarsa ce ta ja shi ajin koyon numfashi, wani ɗaki a bayan asibitin mai kujerun roba da fanka mai ƙugi. A hanya ya shaida mata cewa shekara sittin da takwas yana numfashi ba malami, kuma bai taɓa fashi ba. Ta ce ya dai shiga.

Malamar tsohuwar nas ce, gajera, ba ta ɗaga murya. Ta raba takardar darasi. Ya juya tasa cikin takaici, don ya tabbata akwai kuskure a ciki kuma ba ya iya ganinsa. Ta ce a ɗora hannu a ciki, a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga shida, tunani in ya zo a bar shi ya wuce. Wani direba a gefensa ya ƙware nan take, har da minshari.

A zama na uku, da aka tashi, ta tsayar da shi. Ta ce shaƙarsa ba laifi, sai dai kullum yakan tsaya a tsakiya, ya riƙe iskar, ya karkata kai hagu.

"Malam, wa kake saurare?"

Ya buɗe baki zai yi gatse, sai ya tuna. Shekara biyu matarsa ta yi tana fama da huhu. Yakan zauna a bakin gadonta, tana hagunsa, ya ɗauke nasa numfashin don ya ji ko nata yana fita. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, ashe ƙirjinsa bai samu labari ba. Warin asibiti kawai yake ji ya koma bakin aikinsa na sauraro.

Ya shirya tsaf, in ta ce ya yi haƙuri ya tashi ya tafi. Ba ta ce ba. Ta ce ta sha ganin haka a wurin masu jinya, ita ma ta yi. Ta jawo kujera ta zauna a hagunsa, ta ja numfashi mai ƙarfi ta saki.

"Ga nawa nan, kana jin sa. Saki naka."

Ya saki. Iskar ta fito a guntule, tana rawa. Suka maimaita har mai shara ya leƙo.

Ranar awo auta ta zauna a hagunsa kamar yadda malama ta koya mata, tana huci iya ƙarfinta.

"Auta, numfashi aka ce, ba zuga wuta ba."

"Kai dai ƙirga shidanka, Baba."

Ya ƙirga. Nas ta duba lamba, ta sake dubawa, ta ce ya zo da safe bai ci komai ba.

Da aka cire masa bandeji, abin da ya fara nema takardar darasin nan ce. Kurakurai bakwai. Ya gyara su da ja, ya kai wa malama da kansa kafin a fara aji. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dariya, har ta iso ƙasan shafin, inda ya rubuta "Na gode" ya ja layi biyu. Sai ya koma kujerarsa kusa da direba, ya ɗora hannu a ciki.