Dutsen da Bronwyn Ta Zaɓa

Tun watan Afrilu Bronwyn ta fara neman dutsen da za su je hutun sanyi na Yuli. Ma'aikaciyar jinya ce a garin Wangaratta, can kudancin duniya inda Yuli ne tsakiyar sanyi, 'ya'yanta mata biyu: Greta mai shekara sha uku, da Marnie mai tara, wadda tun haihuwa ƙafafunta ba sa ɗaukarta, sai keken guragu. Marnie ce ta tsaya kai da fata cewa bana sai ta yi zamiya a kan dusar ƙanƙara, ta gaji da zama bakin taga da kofin koko tana kallon 'ya'yan mutane.

Dermot, mijin Bronwyn, bai ga abin shawara ba. A babban dutsen nan da kowa ke zuwa ya tashi, can ya ci kofuna biyu na gasar zamiya yana saurayi, don haka can za a je. Bronwyn ba ta musa masa ba, ta dai ɗauki waya ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta buga sai a ce ai su gidan iyali ne, akwai wurin renon yara, akwai silima, akwai wasan wuta ranar Asabar. Da ta ambaci keken Marnie sai murya ta sauya, a ce ta cike takarda a intanet za a neme ta.

Wuri na biyar wani ɗan ƙaramin dutse ne, Tarrant, wanda Dermot ke kira tudun tumaki. Wata dattijuwa mai suna Noelene ta ɗauki wayar, ita ce mai koyar da zamiya a wurin. Ba ta yi zancen silima ba. Ta tambayi nauyin yarinyar, da ko hannayenta suna da ƙarfi, da ko tana tsoron gudu. Ta ce suna da kujerar zamiya guda biyu, amma akwai sharaɗi: ɗaya daga cikin iyayen zai koyi riƙe igiyar kujerar daga baya, don ita ba za ta bi su gida ba.

Da Bronwyn ta gaya wa Dermot, sai ya yi dariya.

"Ni za a koya wa zamiya? A tudun tumaki?"

"Kai fa, gwani. Kofunan naka ma suna gareji cike da ƙusoshi."

Greta ta goyi bayan ubanta, ta ce ƙawayenta za su yi mata dariya. Kwana biyu ana kumbure-kumbure a gidan, a na uku Bronwyn ta kama ɗaki a Tarrant, sannan ta sanar da su.

Sun isa ana yayyafi, ƙanƙarar ta yi laushi kamar kunu. Masaukin tsoho ne, na'urar ɗumama ɗaki tana ƙara, amma babu matakala ko ɗaya tun daga mota har gado, kuma Bronwyn ta lura da wannan kafin kowa. Washegari Noelene ta ɗora buhun yashi a kujerar maimakon Marnie, ta miƙa wa Dermot igiya. Wuni biyu yana bin buhun yashi a gangaren 'yan koyo, yara 'yan shekara huɗu suna wuce shi. Sau uku ya kifar da buhun. Noelene ta ce masa ƙafafunsa sun iya, hannunsa ne ke da girman kai.

Rana ta uku aka ɗaure Marnie a kujerar. Bronwyn ta tsaya a ƙasan gangaren, hannayenta cikin aljihu. Sun sauko rabin hanya lafiya, sai a wata kwana Dermot ya ja igiyar da ƙarfi, kujerar ta kwanta gefe, fuskar yarinyar cikin ƙanƙara. Bronwyn ta fara hawa da gudu tana zamewa, Noelene ta ɗaga mata hannu ta tsaya. Dermot ya durƙusa ya tayar da kujerar, ya share wa 'yarsa fuska da safar hannunsa. Daga ƙasa Bronwyn ta ji muryar Marnie sarai.

"Baba, ka daina jan birki. Kai ne matsoracin, ba ni ba."

Sau bakwai suka sauka a ranar, na ƙarshen ma Greta tana gefensu tana tsere da ƙanwarta, ko da yake da yamma ta sake cewa dutsen ƙarami ne kuma abincinsu ba daɗi. Ba ta yi ƙarya ba. Bronwyn kuwa ko sau ɗaya ba ta taka allon zamiya ba, mura ce ta kwantar da ita kwana biyu na ƙarshe.

A hanyar komawa Dermot ya tsaya a wani kanti suka sayi fanke da nama. Yana ci yana lissafin cewa baɗi, tunda ya iya igiya, za su iya gwada babban dutse. Marnie ta ce a bari ta yi tunani. Bronwyn ta fyace hanci, ta ce ya kula da hanya, dabbobin kangaru na tsallaka titi a wannan yankin da yamma.