Layi Goma Sha Biyu a Jikin Sirinji

Ba ta yi sallama ba. Ta ture ƙofar shagon tabarau, ta wuce mutum biyu da ke jira, ta dangwara tabarau da sirinji a gaban mai gilashi.

"Ɗauka ka sa a idonka, ka ƙirga min layukan nan."

"Mama, ki zauna tukuna."

"Na zauna jiya, a barandar asibiti, tun hantsi."

Shekara shida ita ke yi wa mijinta allurar ciwon suga. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san layi goma sha biyu a jikin sirinji, kuma ba ta taɓa kuskurewa ba. Kwana huɗu da karɓar sabon tabarau, layukan suka riƙa hawa kan juna. Jiya ta zuƙo fiye da ƙa'ida. Tsohon ya jiƙe da gumi, harshensa ya karye, ya zube a bakin gado. Ya farfaɗo dai. Amma babban ɗansu ya ce idonta ya ƙare, yau da yamma in an sallami uban gidansa zai wuce da shi. Ya faɗa a gaban matarsa, bai ko sassauta murya ba.

Mai gilashi ya ɗora tabaran a na'urar awo, ya leƙa. Ya ɗauko takardar likitan ido, ya sake leƙawa. Ya daɗe a sunkuye.

"Ka mutu a ciki ne?"

Ya ɗago, ya roƙi masu jira su dawo gobe. Sai da suka fita ya yi magana.

"Mama, roba iri biyu nake yin gilashin tabarau da ita. Haske in ya shiga abu gudunsa raguwa yake yi. A wata robar ya ragu sosai, a wata kaɗan."

"Haske ƙafa gare shi?"

Ya jawo kofin ruwansa, ya tsoma biro a ciki. "Duba. Kin ga kamar ya karye? Gudun haske a ruwa bai kai na iska ba, shi ya sa yake lanƙwasa a bakin ruwan. Da wannan lanƙwasar tabarau ke gyara gani. Kowace roba da irin gugar da ake mata." Ya ajiye kofin. "Naki, na goge wannan da awon waccan. Ƙarfinsa bai kai abin da likita ya rubuta ba."

Ta dubi biron, ta dube shi.

"Wato kai ka san haske na da gudu, ni ban sani ba. Amma ni ɗana ya kira makauniya."

"Zan sake miki wani, zuwa jibi."

"Jibi mijina yana gidan wata, tana auna masa ruwan sha."

"To bari in rubuta takarda ki kai wa ɗan naki."

"Takarda? In riƙe abin da ban san me ke ciki ba, in miƙa masa kamar mai bara? Bakin da ya faɗa min shi zai faɗa masa. Tashi."

"Mama, in maganar nan ta fita, shagon nan..."

"Ta riga ta fita. Maganar ce kwance a gado na uku, an ɗaura mata ruwa."

Ya tsaya yana kallon hannunsa. Sannan ya kashe fanka, ya ɗauki makulli.

Suka shiga motar haya. Ta matse sirinjin a tafin hannu, idonta a kan titi. Sai da ginin asibitin ya bayyana ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ba irin ta shago ba.

"Kar ka yi min kara. Da ka goge shi daidai, da na ga layin?"

"Da kin gani, Mama. Ras."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta share gefen idonta da bakin mayafi. Da motar ta tsaya ita ta fara sauka.

"Ka shige gaba," in ji ta. "Kuma ka ɗaga murya. Matar ɗan nawa ma tana wurin."