Kafar Allura

Kai ma ka ji. Kada ka ce min ba ka ji ba, bango ɗaya ne tsakanin shagonka da na yayana tela. Kullum da la'asar kukan yarinyar nan yana ratsa bangon, kai kuwa sai ka ƙara muryar rediyo. Ni ma da nake ƙanwar ubanta, wata shida na yi ina cewa ɗa na uba ne, ba ruwana.

Shekararta takwas. Sunan mahaifiyarmu Inna aka sa mata, shi ya sa kowa ke kiranta Takwara. Idon Yaya ya fara gajiya, don haka in ta taso daga makaranta aikinta ɗaya ne, ta zura masa zare a allura. Sai ta lashi bakin zaren, ta murza, ta auna, zaren ya wuce ta gefe. Sau uku, sau huɗu. A na biyar Yaya zai miƙa hannu kan ƙusa ya sauko da tsohon bel ɗin keken ɗinki.

Ranar da nake ba ka labarinta na kawo siket a rage min, na tarar an fara. Inna na zaune kan benci tana warware ɗinki.

"Yaya, ya isa haka mana!"

"Malama, nan ba ajinki ba ne. Iskanci ne kawai. In waya ce uwarta ta miƙa mata, ai ba ta kuskuren dannawa."

Inna ko kai ba ta ɗaga ba. "Ƙara mata. Shi kansa da wannan bel ɗin ubanku ya koya masa yanka, ga shi yau yana ci da mu. Ku 'yan boko, yaro ya yi kashi a kanku ku ce sannu da aiki."

Ya ƙara mata kuwa. Ta sunkuya don ta kare baya, bakin bel ɗin ya lanƙwaso ya same ta a gefen idon hagu. Ta dafe idon da tafin hannu, ta juya za ta gudu, sai ta yi karo da teburin guga. Tebur ne babba, yana gabanta, ga haske ko'ina. Ta tsaya tana laluben iska da ɗaya hannun.

Na durƙusa, na ɗaga yatsu uku.

"Takwara, kada ki buɗe wanda kika dafe. Yatsu nawa?"

"Gwaggo, hayaƙi-hayaƙi nake gani."

"Tun yaushe?"

"Ai haka yake. Wannan ba ya aiki." Ta nuna idon dama, ta ja majina. "Ba kowa ne da ɗaya yake gani ba?"

Na duba inda bel ɗin ya tsaga fata, bai kai faɗin yatsa ba tsakaninsa da idon da ya rage mata. Na ɗauki babban almakashin Yaya, na fizge bel ɗin daga hannunsa, na yanka shi gida huɗu.

"Ke! A gabana?" in ji Inna.

"A gabanki, Inna. Wata shida kuna dukan makauniyar ido don ba ta ga kafar allura ba. Cikinku wa ya taɓa tambayarta me ya sa?"

Yaya ya ce, "Ai da ta faɗa..."

"Yaushe? Tsakanin bulala ta biyu da ta uku?"

Washegari na kai ta asibitin ido. Likitar ta daɗe tana haska mata fitila, sannan ta cire tabarau ta dube ni kamar ni ce mai laifin, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta ce na hagun ya tsira. Na daman za a gwada, amma an makara sosai.

Yanzu Yaya da kansa yake zura zarensa, yana tsaki. Inna har yau ba ta amsa gaisuwata.

A layinku akwai wani gidan da ake irin wannan kukan, ka san gidan. Yau in ya tashi, ajiye abin da ke hannunka, je ka buga ƙofar. Za a zage ka, ka tsaya. Ka durƙusa ka tambayi yaron me ke damunsa, kuma kada ka fito sai ya ba ka amsa.